Ruwan da Inna Ta Surka

Talata, 10:20 na safe

Nas ta ce in nemi littafi in riƙa rubuta duk sabon bororon da ya fito wa yarinya: a ina ya fito, yaushe, me ya taɓa wurin. Ba ni da wani littafi sai wannan na awon masu kawo mini ɗinki, sai na juya shi ta baya. Ta gaba kafaɗu da ƙugun matan unguwa, ta baya ƙafar 'yata.

Yau kwananta goma sha bakwai a duniya, goma a ciki a gadon asibiti ta yi su. Jiya aka sallame mu. Sababbi: biyu a diddigen hagu, ɗaya a gwiwar hannu. Me ya taɓa wurin? Zanin gado kawai.

Inna tana gidan Yaya tun ranar wankan.

Laraba, 2:00 na rana

Ɗaya a bayan kunne. Na huda shi da allurar da suka ba ni, na matse ruwan a hankali, na shafa basilin, na naɗe. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe allura, yau na riƙe ta kamar mai koyo.

Bari in rubuta abin da ya faru sau ɗaya, in huta. Ranar da yarinya ta cika kwana shida, Inna, mahaifiyata, ta yi mata wankan safe kamar yadda take yi tun da muka dawo daga haihuwa. Ina ɗaki na ji wani irin kuka. Na fito na tarar fatar ƙafar dama ta saɓule tun daga idon sawu, kamar an zare safa, tana manne a tawul ɗin da ke hannun Inna. Muka kwasa sai asibiti. A can, a gaban nas, na faɗa wa Inna wata magana. Nas ta rubuta a kati: ƙuna da ruwan zafi. Da yake jaririya ce, sai suka kira wata mata daga ofishin kula da yara, ta shiga da Inna wani ɗaki ta rufe ƙofa, suka yi kusan awa guda. Da Inna ta fito ba ta kalle ni ba. Ta ce wa Yaya, “Kai ni gidanki.”

Maganar da na faɗa ba zan rubuta ta ba. Na san ta ai.

Alhamis, 11:15 na safe

Mun koma wurin likitar fata. Tun muna kwance ta fara shakkar zancen ƙuna, don bororo ya ci gaba da fitowa a wuraren da ruwa bai taɓa ba, har inda filastar ƙarin ruwa ta manne. Ta ce akwai wani ciwo da ake haifar yaro da shi: fatar sama ba ta manne da ta ƙasa sosai ba, ɗan goga kaɗan sai ta tashi. Ta faɗi sunansa, dogo kamar layin dogo, ban riƙe ba. Ta ce ba za ta yanke hukunci ba sai an yi gwajin ƙwayoyin gado. Aka ɗebi jinin yarinya, da nawa, da na babanta, aka ɗan yanki fata kamar ƙwayar gero. Sakamako sai bayan mako uku ko huɗu.

Babanta, wanda nake ce wa Direba tun muna neman aure saboda motar ma'aikata da yake ja, bai gane ba da farko. Da likita ta ce mai yiwuwa ciwon gado ne, sai ya ce, “To ai da sauƙi, sai a canja mata katifa.” Likita ta yi dariya, ni ma na yi. Ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba, har sai da nas ta miƙo mini ruwa.

Shi ne ya raɗa mata suna 'Yar Ƙwai, don an ce kada a ɗaga ta ta hammata, sai dai hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙeya, ɗaya a ƙarƙashin mazaunai. Sunan ya bi ta.

Juma'a, 4:30 na yamma

Na kira Yaya. Ta ce Inna tana barci. Inna da ba ta taɓa barcin la'asar ba tun da na san ta.

Asabar, 9:00 na safe

Uku a cinya, inda robar wando ta zauna. Laifina ne. Na zauna a keke na farke duk kayanta, na cire roba, na cire maɓalli, na cire zif. Daga yau bai-bai za ta riƙa sa kaya, bakin ɗinki a waje. Ni da nake hantarar mai koyo in ta bar zare ya leƙo, ga 'yata tana kwance da duk ɗinkin a fili.

Rigar nan ruwan ɗorawa mai leshi a wuya ban taɓa ta ba. Tana can ƙasan durowa.

Litinin, 1:10 na rana

Tabaraun Inna yana nan a kan taga, da silifas ɗinta a bakin banɗaki. Na aika Direba ya kai mata, ya dawo da fuska a murtuke. Ya ce ta karɓa ta yi godiya, ta tambayi jikin yarinya sau uku. Ya ce mata ta zo ta gani da idonta, sai ta sa hannuwanta biyu a ƙarƙashin mayafi ta ce a dai gaishe ta.

Ya ce mini, “Ki je ki ba ta haƙuri mana. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.”

Na ce sai sakamako ya fito.

Ya ce, “Ina ruwan sakamako da uwarki?”

Na ce ya fita mini daga ido, ina da aiki. Ba ni da aikin komai.

Talata, 8:40 na safe

Babu sabo. Alhamdulillahi.

Talata, 5:00 na yamma

Biyu a leɓe, daga shan nono.

Alhamis, 12:30 na rana

Matar mai kemis ta zo karɓar ɗinkinta da ya kwana biyu a hannuna. Tana gwada rigar a gaban madubi tana ta zuba kamar famfo ya lalace. Can sai ta rage murya ta ce, “Wai da gaske ne abin da ake faɗa? An ce tsohuwa ce ta tsoma ta a tafasasshen ruwa. Ikon Allah! Ita da ta wanke rabin yaran layin nan. Tsufa ke nan, hannu ya daina jin zafi.”

Gaskiya ne, rabin yaran layin nan hannun Inna ne ya fara wanke su. Har nata biyun, ita mai maganar. Ana haihuwa za a aiko, Inna ta ɗauki bahonta ta tafi, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba.

Ina da allura a baki. Na cire ta, na ce, “Ana dai bincike.”

Ana dai bincike! Abin da bakina ya iya ke nan. Ta tafi da rigarta da labarinta, ni na ƙara masa gishiri da shiruna. Allah wadaran naka ya lalace.

Juma'a, 3:00 na rana

Yaya ta kira da kanta, ba don gaisuwa ba. Ta ce, “Ke, kin san halin da kika jefa matar nan? Ko shayi ba ta dafawa. In na ɗora ruwa a wuta sai ta tashi ta bar kicin. Da ruwan sanyi take wanka, ga ta da ciwon gwiwa. Jiya autata ta faɗi ta ruga wurinta tana kuka, wallahi sai ta ja da baya ta ƙwala mini kira in zo in ɗauke ta.”

Na ce, “Yaya, a gigice nake ranar.”

Ta ce, “Mu duka a gigice muke. Ke kaɗai kika buɗe baki.”

Ta kashe wayar. Tun muna yara haka take, in ta gama faɗin nata ba ta jiran naka. Yau dai ba ni da nawa.

Lahadi, 10:00 na safe

Ɗaya a ƙeya, ɗaya a yatsan tsakiya. Canjin bandeji ya ɗauke mu awa biyu, Direba yana riƙe, ni ina naɗi. Yana yi mata waƙar da ya ƙaga, wai 'Yar Ƙwai ta fi ƙarfin kasko. Muryarsa kamar tsohuwar salansar mota, amma tana yin shiru ta zuba masa ido.

Gobe zai koma aiki. Hannu biyu ba sa isa wannan naɗin.

Litinin, 6:15 na safe

Zan rubuta wannan don in gan shi da idona.

Na idar da salla ina addu'a, sai na kama kaina ina cewa Allah ya sa ƙuna ce. Na tsaya cak. Ƙuna tana warkewa. In ƙuna ce, bayan wata biyu 'yata za ta sa kaya kamar kowa, ta yi rarrafe, ta sa takalmi. Amma in ƙuna ce, to Inna ta ƙona ta, kuma abin da na faɗa gaskiya ne. In kuwa ciwon gado ne, Inna ta fita, 'yata ta shiga, har iyakar rayuwarta.

Gaba kura, baya sayaki. Na san wanne na roƙa a cikin biyun. Ban janye ba kuma, na dai shafa na tashi.

Abin da ya fi muni, na san ba ƙuna ba ce.

Laraba, 11:40 na safe

Matar ofishin kula da yara ta zo gida. Mace ce mai sanyin murya, da jaka cike da takardu. Ta duba ɗaki, ta duba banɗaki, ta tambayi inda muke ajiye fulas ɗin ruwan zafi. Ta ce fayil ɗin a buɗe yake har sai sakamako ya fito, kuma kafin nan kada a bar kakar yarinya ita kaɗai da ita. Kamar Inna za ta zo.

Ta ce, “Mahaifiyarki ta shaida mini ta surka ruwan, ta taɓa ta ji. Ban da wannan ba ta ƙara komai ba. Ke fa, kafin ranar wankan, kin taɓa ganin wani abu a jikin yarinyar? Ko ɗan tabo, ko ja?”

Na ce a'a.

Ta rubuta a'a. Na ga biron yana tafiya.

Alhamis, 2:20 na rana

Ban iya cin abinci ba. Nono ya ragu.

Asabar, 4:00 na yamma

Na ciro rigar mai leshi. Ina da cikin wata bakwai na ɗinka ta, kwana uku na yi a kanta, don ina so duk wanda ya zo barka ya san 'yar tela ce. Leshin mai tauri ne, na sani tun a shago, amma ya yi kyau. Inna ma sai da ta murza shi a yatsa ta ce, “Wannan ai sai wuyan babba.” Na ce ta bar ni da sana'ata.

Na riƙe almakashi na fi minti goma. Na mayar da ita durowa yadda take.

Sababbi: huɗu. Na gaji da rubuta inda suke.

Litinin, 9:30 na safe

Ni kaɗai na yi naɗi yau. Ta harba ƙafa, na cafke ta da sauri kada ta faɗo daga kan tebur. Inda babban yatsana ya dafa, nan take wurin ya tashi. Shatin yatsana ne sak a ƙwaurinta.

Ba ruwan zafi, ba tawul. Hannun uwarta kawai.

Na zauna a ƙasa ina kuka tana kuka. Babu wanda ya shigo ya nuna ni da yatsa. Babu wanda ya rubuta komai a kati.

Talata, 1:00 na rana

To, ga shi.

Ranar da ta cika kwana huɗu, kwana biyu kafin wankan, na sa mata rigar mai leshi don baƙi. Da yamma na cire, na ga wuyanta ta baya ya yi bororo jere, daidai inda leshin ya zauna, ɗaya har ya fashe. Na ce shi ke nan, Inna ta faɗa ban ji ba. Na shafa mai, na sa mata hula mai saukowa, na tura rigar ƙasan durowa. Ban gaya wa kowa ba, har Direba.

Da ƙafar ta saɓule a hannun Inna, kafin in ji tsoro, wani abu na fara ji. Sauƙi na ji. Na ji ashe ba ni ba ce. Shi ya sa muryata ta fi ta kowa a asibitin.

Na ce mata, “Kin ƙona mini 'ya. Kin tsufa ba ki sani ba, kin dafa mini 'ya da ranta.”

Haka na ce. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na Inna.

Laraba, 7:00 na safe

Na so in yage shafin jiya. A bayansa akwai awon matar mai kemis, sai na bar shi.

Juma'a, 5:30 na yamma

An kira daga asibiti. Litinin da ƙarfe goma, mu zo mu biyu.

Lahadi, 3:00 na rana

Na gaya wa Direba zancen rigar. Yana wanke kwalaben basilin a lokacin. Ya ajiye, ya goge hannu, ya daɗe yana kallon bango. Na ce ya yi magana mana, ko zagi ne. Ya ce, “Ba ni kika yi wa ba.”

Ya fita wanke mota, motar da ya wanke da safe.

Litinin, 1:45 na rana

Ciwon gado ne.

Likita ta zana mana a takarda. Ta ce kowane mutum yana da ƙwayar nan guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ni ina da ɗaya mai rauni, Direba ma yana da ɗaya, shi ya sa mu ba mu da komai, mai lafiyar tana rufa wa mai raunin asiri. 'Yar Ƙwai ta ɗauko mai rauni daga wurina, ta ɗauko mai rauni daga wurinsa. Ta ce duk cikin da zan ƙara yi, kashi ɗaya cikin huɗu ne zai iya zuwa haka, kuma akwai gwajin da ake yi tun da wuri, za mu yi zancensa in mun natsu. Ta ce irin nata ba shi ne mafi tsanani ba, amma ba ya warkewa, sai dai a iya zama da shi.

Direba ya tambaya ko za ta yi tafiya. Likita ta ce tana sa rai, da takalmi mai laushi. Ya ce to shi zai riƙa kai ta ko'ina, dama aikinsa ne.

Ni na tambayi abu ɗaya: “Ruwan fa?”

Ta ce, “Ko da ruwan randa aka yi mata wanka, goga tawul kaɗai ya isa. Ko ni na yi wankan, haka za ta faru.”

Na ce ta rubuta mini wannan a takarda, ta buga hatimi. Ta dube ni, ta rubuta.

Na samu abin da zan wanke Inna da shi. A mota na rungume 'yata, ban san ko murna nake ko makoki ba.

Talata, 6:00 na yamma

Na je gidan Yaya da safe. Na bar yarinya wurin babanta, ya ɗauki hutun rana ɗaya.

Yaya ta buɗe ƙofa ta ce, “A'a, yau wace rana?” Na wuce ciki. Inna tana zaune a bakin gado a ɗakin yara, tana ninke wanki. Ta rame, wuyan rigarta ya yi mata yawa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa maƙwabciya. Ta ce, “Ya mai jiki?”

Na miƙa mata takardar. Ta sa tabarau, ta juya ta, ta miƙo mini ta ce in karanta. Na karanta, na yi mata bayani yadda likita ta yi mana, har da ƙwaya biyu. Na ce, “Inna, ba ruwan ba ne. Ba ke ba ce. Ciwon gado ne, da shi aka haife ta.”

Ina jira in ga fuskarta ta saki. Sai ta ce, “Gado. Daga wa ta gada?”

Na ce daga ni da babanta.

“Ke kuma daga wa?”

Nan na gane inda ta nufa. Likita ta riga ta ce ba za a sani ba sai an gwada iyayena, kuma babu amfanin yin hakan. Inna ta dubi tafin hannunta ta ce, “Ashe dai duk inda aka juya ni ce. In ba hannuna ba, jinina.”

Da sauri na ce, “A'a, Inna, daga wurin Baba ne. Likita ta ce daga wurin Baba ne.”

Ƙarya nake. Baba shekara tara da rasuwa, na ga ba abin da zai same shi.

Inna ta cire tabaraun. Tun da na shigo sai lokacin ta dube ni sosai. Ta ce, “Sun tono shi sun ɗebi jininsa ne?”

Na ninke takardar na sa a jaka.

Ta ce, “Ke dai ba ki iya ganin abu ya faru sai kin nemo wanda za ki ɗora wa. Ni kin ɗora mini, ina da rai, na ɗauka. Bar mini mijina ya kwanta.”

Yaya tana tsaye a bakin ƙofa. Ni kuwa sai bakina ya ɓalle. Na faɗi zancen rigar, da leshin, da bororon wuya, da hular da na rufe shi da ita, da a'ar da na ce wa matar ofis. Ina faɗa ina kuka har majina. Na ce ta yafe mini, na ce in ta ga dama ta tsine mini, na cancanta.

Ta bari sai da na gama. Sannan ta ce, “Wa yake yi mata wanka?”

Na ce ita.

“To kina zaton ana ɓoye wa mai wanka cibiya? Washegari da safe na cire hular na gani. Na ga shatin leshinki a jere.”

Na ce, “Kin gani? Inna, kin gani, matar nan ta tsare ki awa guda, ba ki faɗa ba?”

Ta ce, “In faɗa ta rubuta sunan wa? Ke ce mai shayarwa. Ni in an hana ni taɓa ta, me za ta rasa?”

Ta ɗauki wata rigar yara ta ci gaba da ninki. Na daɗe a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Da zan fita ta ce, “Ki riƙa cin abinci, na ji an ce nono ya ragu.”

Laraba, 12:00 na rana

Na je ofishin kula da yara da takardar likita. Matar ta ce shi ke nan, za a rufe fayil. Na ce akwai gyara: inda ta rubuta a'a, ta mayar da shi e. Na ba ta labarin rigar. Ta ce ba dole ba ne yanzu, tunda sakamako ya fito. Na ce ni dai ta rubuta. Ta rubuta, na sa hannu.

A hanya na tsaya a kemis sayen bandeji. Shagon cike da mata. Na ɗaga murya na ce wa matar mai kemis, “Zancen nan da kika ji, ƙarya ne, ni na ƙaga shi. Inna ba ta ƙona kowa ba.” Ta ce, “Ai ni dama ban yarda ba.” Kai, mutane!

Alhamis, 4:00 na yamma

Ba ta kira ba. Ɗaya a kafaɗa.

Juma'a, 4:00 na yamma

Ba ta kira ba.

Asabar, 11:30 na safe

Da ƙarfe takwas aka ƙwanƙwasa. Inna ce, ita kaɗai, ba jaka, ba baho. Ta ce Yaya ta ce mata ni kaɗai nake naɗi, ta zo ta ga yadda ake yi.

Ta tsaya a kan 'Yar Ƙwai ta daɗe tana kallo, hannuwanta a ƙarƙashin mayafi. Wata guda ke nan da kwanaki rabonta da ita. Ta ce, “Ta yi kumatu.” Ta ga kayan bai-bai ta ce, “Yau tela ta ga ta kanta.” Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Lokacin wanka ya yi. Na kawo fulas da bokiti na ajiye a gabanta, kamar yadda muka saba. Ta ja da baya.

Ta ce, “Ke za ki surka.”

Na ce, “Inna, don Allah. Kin fi ni sani.”

Ta ce, “Na fi ki sani. Ke za ki surka.”

Na surka. Na nuna mata yadda ake ɗagawa, hannu ɗaya a ƙeya, ɗaya a ƙasa, ba a ja, ba a goga, sai dai a dafa tawul a ɗaga. Ta saurara kamar ba ta taɓa ganin jariri ba, har tana cewa in sake nuna mata. Sannan ta fito da hannuwanta. Ta karɓe ta, ta riƙe har na gama wanka da naɗi, minti arba'in, ba ta motsa ba, ba ta ce gwiwarta ba.

Da muka kwantar da ita, Inna ta ce in kawo littafin nan. Ta ce in duba duk inda hannunta ya taɓa, ƙeya da ƙasa, in rubuta abin da na gani, da rana, da lokaci. Na ce ba sai an yi haka ba. Ta ce a yi.

Na duba a gabanta.

Asabar, 9:50 na safe. Inna ta riƙe ta. Babu sabo.

Ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce gobe ma za ta zo, kuma gobe ma in rubuta.